Miyar da Ba Ta Kwana

A Yawuri, ran Asabar, bayan la'asar,
aka ba ni kujera da cokali da takarda,
wai ni ne alƙalin gasar girki
ta ƙungiyar matan bakin kasuwa,
don tun ina riƙe da alli a makaranta
ba a taɓa jin na yabi tuwo don kunya ba.

Takardar gida uku gare ta:
ɗanɗano, tsabta, da suna.
"Suna maki goma ne," in ji Hajiya Tabawa,
"yanzu, Malam, suna ka saida tukunya."

Ta farko: Hana Baƙo Tafiya.
Na kai baki, sai na dubi ƙofa.
Magi shida a ruwa ɗaya,
gishiri ya hau bayan gishiri ya zauna.
Wannan baƙo ko takalminsa ba zai tsaya nema ba.

Ta biyu: Sarauniyar Teku.
Wane teku? Mu da muka tashi da Kwara a kunne.
Ƙarfasa ce tamu, ta gindin kwalekwale,
an lulluɓe ta da kori har ta mance da ruwa.
Kanumfari da kimba na kokawa a kanta,
ba mai rabo, ba mai kayarwa.

Ta uku: Rikita Maƙwabta.
Ita kam ta cika alkawari.
Attarugu ya sa mai gadi tari daga waje,
na sha moɗa biyu, na share ido,
na ba sunan tara, don ya faɗi gaskiya.

Can ƙarshen tabarma
wata tukunyar ƙasa, baƙa ƙirin, baki a ɓalgace,
katinta fari fat.
Gwamma ce, mai bandar kifi daga Ngaski,
ta zauna tana korar ƙuda da faifai.

Warin ya riga ta gaisuwa.
Daddawar batso! 'Yan mata suka ja gyale kan hanci,
ni ma na yi bisimilla sau biyu.

Tsamiya ta fara shiga, ba sallama,
ɗacin gauta ya bi ta da sanda,
sai hayaƙin tarwaɗa, mai ƙamshin ƙirare,
ya ce musu ku dakata.
Man shanu ya shimfiɗa tabarma.
Sannan batso ya iso a hankali,
kamar dattijon da ake gudun bakinsa
amma ba a gama sulhu sai da shi.
Kowa da faɗansa, gida kuwa ɗaya.

Na ajiye cokali na sa hannu.

"Inna, ina sunanta?"
Ta dube ni kamar na tambayi sunan ruwa.
"Ɗana, ai sai an kwana bakwai aka raɗa suna.
Wagga miya, tun ina budurwa nika yin ta,
ba ta taɓa kwana ko ɗaya ba."

Na riƙe biro ya fi minti biyar.
Gidan suna na kallona, fanko.
Ƙa'ida ƙa'ida ce, na zana sifili,
ƙwai guda, zagayayye, hannuna na rawa.

Rikita Maƙwabta ta ɗauki murhun gas,
aka yi guɗa, aka ɗauki hoto.
Gwamma ta samu sabulu sanda biyu,
ta juya su, ta ce za su yi wanki.

Da na kewaya baya da ɗan kwanona,
ko ƙanzo, ko abin da ya maƙale a gindi,
na tarar da Hajiya Tabawa a tsugune,
gyale a kafaɗa, yatsa a baki,
ta riga ni suɗe tukunyar.